Ranar da Na Haska Rumbun Baba

Malam edita, don kada masu karatu su wahala wajen neman wawan da ke cikin labarin nan, bari in sauƙaƙa masu tun da wuri: ni ne. Kuma ba ƙaramin wawa ba, wawa mai kaki da keke. A wancan lokaci ina da shekara talatin da 'yan kai, ina falanto a wani biro, ofishin gwamnati, a Tawa, wato ni ne mai kai takardu daga wannan tebur zuwa wancan. An haife ni a wani ƙauye kusa da Barmu, aka kama ni lakwal, makarantar boko, ina ƙarami, na kai har aji shida. Satifika ta ƙi ni sau biyu, ni ma na yi zuciya na ƙyale ta. Faransancina ya ishe ni in gaida kwamanda in kuma zagi jaki, bai wuce nan ba. Ina yawo da alƙalamin bik biyu a aljihu, ja da shuɗi, waɗanda ban tuna ranar da na yi rubutun kirki da su ba. Amma in na je garinmu Mushe ake ce mini, kamar malamin lakwal, ni kuma don rashin aikin yi sai na yarda.

Tsohona manomi ne, irin Adarawan nan da ke kawar da duwatsu da hannu kafin su sami wurin shuka. Bai taɓa zuwa bida, wato cin rani, Abijan ba kamar sauran maza, yana cewa wanda ya bar gona ya bar gida. Bayan rasuwar Inna ne gigin tsufa ya fara kama shi. Sai ya yi azahar, ya shafa fatiha, ya tashi ya sake alwala wai bai yi salla ba. Sai ya kira ni da sunan ƙanensa wanda ya rasu tun ban yi wayo ba. Jikinsa garau, ƙafarsa ta fi tawa, kan ne kawai ya fara watsewa. A gidan akwai Gwaggo, ƙanwarsa, wadda ta komo bayan mijinta ya rasu, da matar yayana da 'ya'yanta, shi yayan yana Abijan. Su ke riƙe da Baba. Ni nawa shi ne in zo salla zuwa salla da goro da sabulu, in ba da umurni, in koma.

Abu ɗaya ne Baba bai manta ba, shi ne rumbu. A garinmu mace ba ta sa hannu a rumbu, ɗa ma ba ya sawa muddin ubansa na da rai. Kowace safiya in rana ta ɗaga, mai gida ke buɗe ƙaramin rumbun da bakinsa ke gefe daidai ƙirji, ya yi bismilla, ya zura hannu ya fiddo zangarnun hatsi ya zuba ma mata a masaki. Ba ya leƙawa. Tsofaffinmu sun ce leƙen rumbu na korar albarka, hannu kaɗai ke shiga. In ya gama da gida sai ya ƙara fiddo kaɗan saboda wanda zai yi sallama. Shekara hamsin yana haka. Ya manta sunan jikokinsa, ya manta hanyar gonarsa, amma ko wace safiya za ka gan shi tsaye gaban rumbun nan ya naɗe hannun riga.

Sai farin tamanin da huɗu ya zo. Waɗanda suka gani ba sai an tuna masu ba. Aka yi shuka ta ƙone, aka sake ta ƙone, bisashe suka yi ta faɗuwa a hanya. Mutanen arewa suka gangaro Tawa suka kafa 'yan bukkoki a bayan gari, soja na rabon jar dawar taimako, kowa cikin layi, ba mai tari da ƙarfi. Na sami buhu ɗaya, na roƙi izinin kwana biyar, na hau kamyo, babbar motar kaya, zuwa gida ina jin kamar ni na kawo damina. Washegari da safe ina zaune ina shan iska, sai na ga Baba ya zura hannu cikin rumbu ya fiddo zangarnun gero farare, manya, irin waɗanda rabona da ganinsu an yi shekara biyu. Ya zuba ma matar yayana, ya ce ta yi fura da kauri. Sai ga wani tsohon Buzu abokinsa, wanda farin ya cinye masa raƙuma da awaki kaf, ya yi sallama ya tsuguna. Baba ya tsokane shi, wai ga sarkin daji ya zo bara wurin manomi, ya miƙa masa zangarnu uku. Buzun ya rama, wai ya zo ne ya rage masa kaya kada rumbu ya tsage, ya yi godiya ya fita.

Na bi Gwaggo madafa na tambaye ta inda aka sami gero a wannan shekara. Ta ja ni gefe ta rage murya. Ashe rumbun wayam yake tun bara. Zangarnun nan irin shuka ne na gidajen unguwa, wanda kowa ya ɓoye ya ƙi ci duk da yunwa. Da suka ga Baba ya zura hannu wata safiya bai taɓo kome ba ya wuni yana zagaya gida yana kuka, sai maza suka yi shawara bayan salla, kowane gida ya kawo nasa irin. Suka gitta katako daga ciki ƙasa da bakin rumbun suka jera zangarnun a kai. Da safe Baba ya raba, in ya tafi masallaci la'asar a mayar. Buzun nan ma ta bayan gida yake zagayowa ya miƙa ma Gwaggo nasa ukun. Mata kuwa su daka jar dawa a bayan danga yana jin ƙarar taɓarya, in an kawo tuwo ya yi ta faɗa wai matan zamani sun lalace, har gero suke mayarwa ja. Amma yana ci, har ya nemi ƙari. Gwaggo na ba ni labarin tana dariya ƙasa-ƙasa, idonta da ƙwalla.

Ni kuwa sai na gyara tsayuwa na buɗe lakwal. Na ce wannan yaudarar dattijo ce, na ce an mai da ubana abin wasan unguwa, na ce a birni likita zai yi masa allura ɗaya kansa ya komo daidai. Na sa Faransanci biyu-uku don maganar ta yi nauyi. Gwaggo ta saurare ni har na gama, ta ce Mushe ya sha furarsa tun ba ta tsinke ba, in kwana biyar ɗinsa sun cika ya koma wurin takardunsa. Da na bi maganar nan da yau ba ni da abin rubuto muku.

Rana ta uku aka jawo buhuna tsakar gida za a ɗiba. Baba ya buɗe ya dumbuza ya duba, ya tambayi wanda ya kawo abincin jakai gidansa. Aka ce ni ne. Ya dube ni da tausayi, ya kira ni da sunan ƙanensa, ya ce ashe haka yunwa ta yi da mutanen birni. Ya ce gidansa bai taɓa cin hatsin roƙo ba, ya je rumbu ya fiddo zangarnu biyar ya ɗora mini a hannu, wai in kai ma iyalina, kuma in na ƙara matsuwa kada in ji kunyar zuwa. Maƙwabta uku na nan, Buzun na nan, mata na nan. Wani ya yi dariya, ba da mugunta ba, na sani yanzu. Amma ni a ranar sai na ji an zubar da kakina a ƙasa. Buhun da na sha rana kafin in samu, shi ne abincin jakai? Na shiga ɗaki na ɗauko cocilata mai batir uku, wadda nake taƙama da ita fiye da kekena. Gwaggo ta gane nufina, ta riƙe mini riga tana haɗa ni da Allah da darajar Inna. Na fizge. Na kama hannun Baba na kai shi bakin rumbu, na janye katakon, na haska ciki, na ce ya duba da idonsa.

Ya ƙi da farko, ya ce ba a leƙawa. Na matsa masa. Ya leƙa. Ba kome sai ƙasa da kashin ɓera da wata tsohuwar igiya. Ya daɗe kansa na ciki har na fara jin tsoro. Da ya fiddo kai ya tambayi wanda ya yi masa sata. Ni kuwa da na fara ban san tsayawa ba, na gaya masa ba sata, fari ne, shekara biyu ba a girbe ba, zangarnun da yake rabawa na maƙwabta ne, tuwon da yake ci dawar gwamnati ce. Ya dubi mutanen da ke tsaye ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai. Sai ya zauna nan ƙasa gindin rumbu, ya tambayi Gwaggo a hankali ko yaran sun ci. Ta ce sun ci. Ya ce to a ba su nasa. Ranar bai sa kome a baki ba. Na kwantar ma kaina hankali da cewa gobe zai manta, tunda mantuwa ce ciwonsa. Gobe ta yi, maganar ta ɓace masa, amma ya ƙi kusantar rumbun. In ya bi ta wajen sai ya kauce, hawaye na zuba, in an tambaye shi ya ce shi ma bai san dalili ba.

Mai hankali da ya tsaya nan ya nemi gafara. Ni sai na ce ai ga shi na faɗa, ciwo ne, sai birni. Na ɗauke shi a kamyo ranar da izinina ya ƙare. Gwaggo ba ta fito rakiya ba. A Tawa na kai shi asibiti, likita ya duba ido, ya duba harshe, ya yi masa tambayoyi, Baba na amsa masa da labarin gona. Likitan ya ce mini ba allurar da ke maganin wannan, abin da ya fi shi ne a mai da tsoho inda ya saba, cikin mutanen da ya sani. Na ce to, na fita ina ce ma kaina yaro ne bai ƙware ba. Kun ji mutumin da satifika ta ƙi sau biyu yana gyara ma likita aiki.

A gidan hayata ne na ga abin da na jawo. Baba ya ɗauka shi baƙo ne a gidan wani babban mutum, saboda siminti da ƙofar kwano. In mai ɗakina ta kawo abinci sai ya yi loma biyu ya wanke hannu, ya ce ta yi ma mai gida godiya, shi ya ƙoshi, ba ya son ya yi masu nauyi a shekara irin wannan. In na ce Baba ni ne mai gidan, ɗanka ne, sai ya yi murmushin ladabi ya ce Allah ya ƙara girma. Ubana, yana sunkuya mini. Mai ɗakina, wadda ba ta taɓa taka lakwal ba amma ta fi ni kai nesa ba kusa ba, ta yi dabara ta zuba dawa a ƙwarya ta ajiye gabansa ta ce Baba a yi mana awo. Ya ture a hankali ya ce ba hatsinsa ba ne, baƙo ba ya awo a gidan mutane. Haka ya yi ta ramewa a gabanmu, rigarsa na yi masa yawa, tuwo na kwana a kwano.

Wata rana ina biro aka zo aka ce Baba ya fita ba a san inda ya yi ba. Na bi kasuwa, na bi tasha, na bi masallatai, sai wajen la'asar wata mai sai da ƙuli ta ce ta ga wani tsoho ya bi ayarin mutanen arewa zuwa bayan gari. Can na same shi inda ake rabon kunu. An ɗauka cikinsu yake, an zuba masa a wani gwangwani. Bai sha ba. Yana bin mata masu goyo yana tsiyaya ma kowace kaɗan, yana ce masu su yi haƙuri, gobe zai buɗe babban rumbu. Su kuwa matan nan, da ba su san shi ba, ba su ma jin Hausa sosai, suna karɓa da hannu biyu suna godiya, wata tsohuwa kuma tana bin bayansa tana ƙara masa daga nata don kada gwangwanin ya ƙare. Fuskarsa ta washe kamar ta da. Wallahi na tsaya na gani da idona, baƙi masu yunwa sun gane abin da ni ban gane ba. Kun san abin da na yi? Na ja shi gida, na sayo kwaɗo na sa ma ƙofa.

Kwana goma ya yi a kulle, yana zaune gindin bango yana kallon ƙofa. Ranar sha ɗaya mai ɗakina ta tare ni tun ban jingine keke ba, ta ce ko in mai da tsohon nan gida ko in nemi wadda za ta taya ni kallon mutuwarsa, ita ba za ta iya ba. Na mai da shi a kwance. Mun yi kusan wata biyu da barin gari. Maza suka sauko da shi, mata suka share ɗakinsa, unguwa ta raba kwana: yau wannan gida ke zama da shi, gobe wancan. Aka mayar da katakon, aka sake jera zangarnun. Da safe aka fito da shi tsakar gida aka jingina shi, Buzun ya zo ya yi sallama da ƙarfi, ya ce manomi ya tashi ya ba shi hatsi, iyalinsa sun kwana da yunwa, ko rowar tsufa ce ta kama shi. Baba ya dubi abokinsa, ya dubi rumbun, ya daɗe. Sannan ya ce masa ya yi haƙuri, ba kome a ciki, an nuna masa. Mutumin da bai san sunana ba, bai san ranar da ake ciki ba, wannan kaɗai ya riƙe. Duk tsawon rayuwata abu ɗaya na koya ma ubana, kuma ya zauna. Ya rasu kwana tara bayan haka, kafin ruwan farko.

Yanzu ni ma na tsufa, na fara neman hular da ke kaina, jikoki na dariya. Shi ya sa na ce bari in rubuto tun kan yana aiki. Ku da ke da tsoho ko tsohuwa da hankali ya fara barinsu, ku duba da kyau, akwai wani ɗan abu da ya rage masu wanda suke tsaye a kansa. Wata tsintsiyarta ce, wani buɗe ƙofar masallaci ne, wani ba akuya dusa. Kada ku karɓe don kun fi su sanin abin da duniya ke ciki. Kada ku ɗauke su daga cikin mutanensu don ɗakinku ya fi kyau. Ku kai su likita, wannan daidai ne, amma in ya ba ku shawara ku ji. Ku kuma da ke zaune birni kuna zuwa da goro sau biyu a shekara, in kun tarar da waɗanda ke wanke tsohon, suna ba shi a baki, sun tsara wani abu da bai yi muku ba, ku tambaya kafin ku taɓa. Su suka kwana da abin, ku baƙi ne masu izinin kwana biyar.

Ban kai ga wannan hankali da kaina ba, kada ku yaba mini. Har ranar sadakar bakwai ina neman wanda zai wanke ni. Bayan mutane sun watse na sami Gwaggo a gindin rumbu tana rarraba zangarnun, tana ɗaure na kowane gida daban don a mayar masu kafin shuka. Na tsuguna kusa da ita na fara kame-kame. Na ce Allah ya sani ban yi da mugun nufi ba, na ce kwana ne ya ƙare, na ce in an duba da kyau ni dai ban yi ƙarya ba, gaskiya kawai na faɗa masa. Ba ta ɗago ba sai da ta ƙulle igiyar hannunta. Sannan ta dube ni ta ce, "Mushe, shekara guda garin ga kaf an san rumbun nan wayam yake, har kajin gidan sun sani. Duk muna da baki. Kai kaɗai ne ba ka iya riƙe naka ba."